SUNA LINZAMI: Wane Suna Ne Ya Halatta a Canza a Kotu?

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya sanar da Annabi Adamu sunayen abubuwa tun kafin a kafa kotu ko a ƙago alƙalami. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. 

Abin da nake so mu tattauna a wannan fitowa shi ne maganar canza suna ta hanyar kotu. Da wuya a sami gida a Nima ko Mamobi ko Sabon Zango a Ankara, ko Aboabo da Asawase a Kumasi, wanda ba a taɓa ce wa wani ɗansa "je ka yo afidabit" ba. Tun da aka fara rajistar Katin Gana gadan-gadan a shekarar 2019, kuma Babban Bankin Gana ya mayar da shi katin shaidar da ake hulɗa da bankuna da shi daga watan Yuli na 2022, sai ɓarakar da ke cikin takardunmu ta fito fili. Mutum ɗaya ne, amma takardar haihuwarsa ta ce Mohammed, satifiket ɗin makaranta ya ce Mahama, fasfo kuma ya ce Muhammad. Wani Husaini aka raɗa masa aka rubuta Fuseini, wani Ibrahim ya zama Braimah, wani Yusuf ya koma Issifu, domin kowane akawu ya rubuta abin da kunnensa ya jiye masa. Kwamfuta kuwa ba ta san uzuri ba, harafi ɗaya ya saɓa sai ta ce mutum biyu ne.

To, ƙofar da ake bi a gyara irin wannan kuskure, ita ce dai wani zai bi ya yar da sunan ubansa, wani ya rage shekarunsa, wani ya saɓa satifiket ɗin ɗan'uwansa ya ce nasa ne. Tambayar da ke gabanmu ke nan: tunda doka ta buɗe ƙofar, me ya halatta Musulmi ya shigar ta cikinta, me kuma bai halatta ba?

Yadda ake yi a Gana

Hanyar ba ta da wani tsawo. Mutum zai rubuta takardar furuci, wadda jama'a ke kira afidabit, ya faɗi tsohon sunansa da sabon da yake so a san shi da shi, ya sa hannu a gaban Kwamishinan Rantsuwa ko a ofishin kotu, ƙarƙashin dokar furuci ta 1971, wato doka mai lamba 389. Daga nan sai a kai takardar kamfanin Ghana Publishing Company, wanda aka fi sani da Assembly Press, a buga sanarwar a Gazet, jaridar hukuma. Da wannan Gazet ɗin ne mutum zai zagaya ofishin Katin Gana da na fasfo da banki su daidaita abin da ke hannunsu. Yaro ƙarami kuwa, iyayensa ko mai riƙonsa ne ke tsaya masa.

Akwai abu guda a cikin irin wannan sanarwa da ya kamata mu riƙe tun yanzu. Takan ambaci tsohon suna da sabo a jere, sannan ta bayyana cewa takardun da ke ɗauke da tsohon sunan suna nan da ƙarfinsu. Wato ita kanta hukuma ba ta yarda cewa an haifi wani sabon mutum a harabar kotu ba. Bashin da Braimah ya ci yana kan Ibrahim, alkawarin da ya ɗauka yana wuyansa, laifin da ya aikata bai goge ba.

Wani zai ce, shin ya ma dace Musulmi ya kai sunan da aka yanka masa rago gaban kotun da ba ta shari'a ba? Amsa ita ce wannan rubutu ne da ajiye shaida, ba a nemi kotu ta halatta haram ko ta haramta halal ba. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce da a rubuta bashi a kafa shaidu. Sayyidina Umar kuma shi ya kafa diwani, inda aka rubuta sunayen mutane da na ƙabilunsu domin kowa ya karɓi haƙƙinsa. Saboda haka zuwa kotun ba laifi ba ne. Abin dubawa shi ne abin da mutum ya je da shi.

Suna na wane ne?

Malaman nahawu sun yi wata tsohuwar jayayya a kan asalin kalmar "ismu", wato suna. Malaman Basra suka ce daga "sumuwwu" take, ma'ana ɗaukaka, domin suna yana ɗaga mai shi ya fito da shi daga duhun rashin sani. Malaman Kufa suka ce daga "wasmu" take, ma'ana tambari ko shaida, irin wadda ake yi wa dabba don a gane ta a cikin garke. Ɗalibi yakan ɗauka wannan gardama ce ta cikin aji kawai, alhali kuwa ita ce zuciyar maganarmu. In suna ɗaukaka ne, to kana da haƙƙi a kansa, domin ba wanda zai tilasta maka ka yi yawo da abin da ke ƙasƙantar da kai. In kuwa tambari ne, to jama'a ma suna da haƙƙi a kansa, domin da shi suke gane ka, su ba ka bashi, su ba ka aure, su raba maka gado.

Gaskiyar magana ita ce duka biyun ne. Ka duba yadda abin yake a gidajenmu. Ran suna kana cikin tsumma, ba a yi shawara da kai ba. Mahaifinka ne ya zaɓa, liman ya raɗa, aka yanka rago, wanzami ya yi aski, aka raba goro, unguwa ta shaida. Ka girma kuma, sai ka tarar cewa kai ne mafi ƙarancin amfani da shi, wasu ne ke kira kai kana amsawa. Shi ya sa Bahaushe ya ce suna linzami. Linzami a bakin doki yake, amma a hannun wani yake. Ashe abu ne da mutum uku suka yi tarayya a cikinsa: iyayen da suka ba ka, kai da kake ɗauke da shi, da jama'ar da ke kiran ka. Duk canjin da za ka yi, ka auna shi da waɗannan uku. In ya gyara naka bai ci haƙƙin sauran biyun ba, bismillah. In kuwa ribarka ta fito ne daga asarar iyaye ko yaudarar jama'a, hatimin kotu ba zai wanke shi ba.

Canjin da Manzon Allah ya yi

Musulunci bai ɗauki sunan yanka a matsayin abin da ba ya taɓuwa ba. Manzon Allah (S.A.W.) da kansa ya canza wa mutane da dama. 'Yar Sayyidina Umar ana kiran ta Asiya da harafin sadun, ma'ana mai saɓo, ya mayar da ita Jamila. Wadda ake kira Barra ya mayar da ita Zainab, saboda akwai yabon kai a cikin sunan. Abdurrahman ɗan Aufu a jahiliyya sunansa yana jingina bauta ga wanin Allah, shi ma ya canza masa. Imam Bukhari ya kawo labarin kakan Sa'idu ɗan Musayyib, wanda ake kira Haznu, wato mai kaushi. Annabi ya ba shi sunan Sahlu, mai sauƙi, sai ya ƙi saboda ba ya son ya bar abin da ubansa ya sa masa, kuma Sa'idu ya ba da labarin cewa kaushin nan bai rabu da zuriyarsu ba.

Abin lura a nan, duk canjin da aka yi akwai dalilinsa a cikin ma'anar sunan: ko shirka, ko muni, ko yabon kai. Saboda haka wanda aka sa masa suna mai mummunar ma'ana, ko aka rubuta masa sunan da ba nasa ba a makarantar mishan ya bi shi har girma, ko akawu ya karya masa suna har ma'anar ta ɓace, in ya je kotu ya gyara ya yi daidai. Ladabi dai shi ne ya fara zama da iyayensa ya yi musu bayani, kada su tsinci labarin a bakin maƙwabta.

Haka kuma mu lura da waɗanda Annabi bai canza wa ba. Bilal da Suhaibu sun zauna da sunayensu. Wannan darasi ne gare mu game da 'yan'uwanmu masu shigowa Musulunci. Sau da yawa mukan matsa wa mutum lamba cewa sai ya jefar da Kofi ko Ama kafin Musuluncinsa ya cika, alhali Kofi ɗan Juma'a ne kawai, daidai da Ɗanjuma namu, Ama kuma Asabe ce, Kwaku Balarabe, Abena Talatu. In ya so ya ƙara Abdullahi ko Abdurrahman, waɗanda hadisin Muslim ya nuna su ne mafi soyuwar sunaye a wurin Allah, madalla. In bai so ba, ba a ɗora masa kuɗin lauya da ɓacin ran mahaifiyarsa a kan abin da Allah bai wajabta ba.

Inda iyaka take

Sunan mutum na kansa yana karɓar gyara, amma sunan uba wani abu ne daban. Zaidu ɗan Harisa ya tashi a hannun Annabi har ana kiran sa Zaidu ɗan Muhammadu. Ba gidan da ya kai wannan daraja a bayan ƙasa, amma duk da haka aya ta 5 a Suratul Ahzab ta sauka da umarnin a riƙa kiran 'ya'ya da ubanninsu, Zaidu ya koma ɗan Harisa. Bukhari da Muslim kuma sun ruwaito daga Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas gargaɗi mai tsanani, na haramcin Aljanna, ga wanda ya jingina kansa ga wanin ubansa yana sane.

Me ya sa aka tsananta haka? Domin a kan wannan suna ne aka gina gado, da waliccin aure, da sanin wadda ta haramta gare ka ka aura, da wanda ciyar da shi ke wuyanka. Ka ɗauki misali da abin da ya yawaita a zango. Yaro ya tashi a riƙon kawunsa, ran shiga makaranta kawu ya ba da sunansa a matsayin uba, takardu duk suka tafi a haka. Shekara talatin bayan nan kawu ya rasu, dattawan da suka san gaskiya sun ƙare, takarda kaɗai ta rage tana magana. Sai ka ga ɗan riƙo ya shiga gadon da ba nasa ba, ko kuma 'ya'yansa sun rasa gadon kakansu na gaskiya. Ita ayar ta ɗauke laifi daga wanda ya yi kuskure, ta ɗora shi a kan abin da zuciya ta yi da gangan, don haka yaron da aka rubuta wa haka yana ƙarami ba shi da zunubi. Amma da ya girma ya sani, wannan shi ne mafi cancantar mutane da zuwa kotu. In gyaran ya yi masa wuya saboda yawan takardu, to aƙalla ya bayyana gaskiya ga iyalinsa, a rubuta, a kafa shaidu.

Kada kuma mu wuce gona da iri. Ɗaukar sunan kaka a matsayin sunan gida ba ƙarya ba ne, domin kaka uba ne. Imam Ahmad ɗan Hanbal, sunan mahaifinsa Muhammadu, Hanbal kakansa ne, kuma ba malamin da ya ga aibin haka.

'Yan'uwana mata, maganar nan ta shafe ku. Al'adar mace ta ajiye sunan ubanta ran aure ta ɗauki na miji daga Turawa muka aro ta, kuma ba dokar da ta tilasta ki. Uwar Muminai Safiyya ta auri fiyayyen halitta, mahaifinta Huyayyu kuwa yana cikin manyan masu gaba da Musulunci, amma har yau Safiyya 'yar Huyayyu ake kiran ta. Aure yana iya mutuwa, miji yana iya rasuwa ki auri wani. Za ki riƙa komawa Gazet ke nan duk lokacin da aka ɗaura? Uba kuwa ɗaya ne har abada.

Takardar da ake raina wa

Yanzu sai mu zo kan mafi haɗari. Da yawa daga cikinmu sun ɗauki afidabit kamar rasit, ka biya a buga maka hatimi ka wuce. Matashi mai shekara 27 yana son shiga soja ko ƙungiyar ƙwallo, sai ya je ya furta cewa shekararsa 20. Wani bai ci jarrabawa ba, sai ya ɗauki sakamakon yayansa da ya tafi ƙasar waje, ya je ya furta cewa sunayen biyu duk nasa ne. Wani an hana shi biza, sai ya dawo da sabon suna da sabuwar ranar haihuwa. In ka yi masa magana sai ya ce ai kowa haka yake yi, kuma ai ba a ɗora masa Alƙur'ani ba.

Ya ɗan'uwa, in rantsuwa ka yi da Allah a kan abin da ka san ƙarya ne, wannan ita ce malamai ke kira "yaminul gamusi", rantsuwa mai dulmiyar da mai ita, kuma hadisin Bukhari ya lissafa ta cikin manyan zunubai tare da shirka da saɓa wa iyaye da kisan kai. A mazhabarmu ta Malikiyya ko kaffara ba ta da shi, saboda ta fi ƙarfin azumin kwana uku, sai dai tuba da mayar da haƙƙi. In kuwa ba ka ambaci sunan Allah ba, furuci kawai ka yi ka sa hannu, to ka tsira daga wannan suna amma ba ka tsira daga ƙarya da shaidar zur ba. A dokar ƙasa ma laifi ne da ake hukunta mutum a kansa.

Sannan ka tambayi kanka, wa aka cuta? Gurbin da ka samu da shekarun ƙarya, akwai wani yaro mai shekarun gaskiya da ya rasa shi. Albashin da za ka ci da satifiket ɗin wani, da shi za ka ciyar da 'ya'yanka, ka je Hajji, ka yi wa mahaifiyarka likkafani. Kuma ramin ƙarya ƙurarre ne: ran da yayan naka ya dawo yana neman takardunsa, ko hoton yatsa ya tona asiri, gida ɗaya zai rabu biyu a kan suna ɗaya.

Mai gudun wulaƙanci fa?

Akwai wani rukuni da ya kamata a yi musu adalci, su ne waɗanda ke son canza suna saboda sunan zango yana jawo musu tambayoyi. Wannan ciwo ne na gaske kuma yana da tarihi. A watan Nuwamba na 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙin da ba su da takardar zama mako biyu su bar ƙasa, dubun dubatar mutane suka kwashe kaya, zanguna suka girgiza, kuma tsoron nan bai gama fita daga zukatan dattawa ba. Har yau ɗan zango yakan faɗi sunansa a ofis a ce masa "daga ina asalinku?", ko da kakansa a Kumasi aka binne shi. Wanda bai taɓa tsayawa a wannan layi ba kada ya yi saurin zargi.

Ta fuskar hukunci, in mutum ya ƙara wani suna mai kyakkyawar ma'ana bai taɓa sunan ubansa ba, kuma bai yi da'awar wata ƙabila ko dangin da ba nasa ba, ba za a ce ya aikata haram ba. Amma halal daban, abin da ya fi daban. Tsarin mulkin 1992 ya hana nuna bambanci saboda addini ko ƙabila a sashe na 17, kuma a sashe na 6 ya rataya zama ɗan ƙasa ga wanda aka haifa bayan zuwansa a kan iyaye ko kakanni, bai rataya shi a kan yadda suna ke sauka a kunne ba. Alhaji Aliu Mahama ya yi mataimakin shugaban ƙasa daga 2001 zuwa 2009 da sunansa, Mahamudu Bawumia ya riƙe wannan kujera daga 2017 zuwa 2025 da nasa, Mohammed Kudus ya fito daga Nima duniya ta koyi kiran sunansa. Duk wanda ya yi nasara da sunan zango ya sassauta wa na bayansa hanya. Duk wanda ya ɓoye nasa kafin ya yi nasara, ya tsira shi kaɗai, ya bar wa ƙannensa zargin yadda ya same shi, har ma ya ƙara wa masu zargin hujja cewa ba a samun na kirki da irin wannan suna.

Wasu sukan kawo misalin Muhammad Ali, wanda ya yar da Cassius Clay a 1964, shekarar da ya ziyarci Gana. Amma shi jikan bayi ne da aka raba da sunayen kakanninsu aka ɗora musu na iyayengiji, abin da ya yar ba nasa ba ne tun asali. Kai kuwa da ka san sunan ubanka da na kakanka har zuwa wanda ya zo fataucin goro, dukiyar da su suka rasa ce a hannunka.

Kafin ka taka matakalar kotu

Ka yi wa kanka tambaya uku. Ta farko, abin da zan rubuta a takardar nan gaskiya ne daga farko har ƙarshe? Ta biyu, sunan mahaifina zai fito yadda ya shiga? Ta uku, zan iya tsayawa a ƙofar masallacin unguwarmu bayan sallar Juma'a in faɗi dalilina ba tare da na sunkuyar da kai ba? In amsoshin uku duk "i" ne, je ka da ƙarfin gwiwa, ka adana Gazet ɗinka tare da tsofaffin takardu. In ɗaya ta zama "a'a", koma gida ka sake tunani.

Mu kuma da za mu zama iyaye gobe, mu rage wa 'ya'yanmu wannan wahala. A zaɓi suna mai kyau, a yi rajistar haihuwa da wuri, a tsaya a kan rubutu ɗaya, uba ya duba harafi bayan harafi kafin ya bar teburin akawu, kuma wannan rubutun ne za a kai makaranta da asibiti. Ƙungiyarmu ma tana iya ware rana ta taimaka wa iyayen da ba su yi boko ba wajen duba takardun yaransu kafin rajistar jarrabawa, domin gyara a wannan lokaci ya fi sauƙi nesa ba kusa ba.

Allah Ya sa sunayenmu su zama abin ambato da alheri a bayanmu, Ya tsare harsunanmu da hannayenmu daga shaidar zur, Ya jiƙan iyayen da suka raɗa mana su.